Wane Ne Mahaukaci A Idon Doka?

Kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, wuri ne da magana take da nauyin kuɗi. Falke ya taya, mai saniya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani yana ja yana saki, har a kai ga kalmar nan da kowa yake jira, watau "na sallama". Da zarar ta fita daga bakin mai dabba a gaban shaidu, to, bajimin da aka yi shekara biyar ana kiwo ya zama na wani, sai a shafa masa alama, a kora shi bakin tirela, ya kama hanyar Kudu. Sau da yawa babu takarda, babu sa hannu. Hankalin mai sayarwa da amanar dillali su ne jarin kasuwar.

Akwai kuwa wata kalma da ake furtawa a wannan kasuwa da sauran kasuwannin ƙasar nan, wadda ita ma takan raba mutum da garkensa, amma ba tare da an biya shi ko anini ba. Kalmar ita ce "ya taɓu". Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ran da aka ce wane ya taɓu, daga ranar ba mai karɓar tayinsa, ba mai ba shi bashi, ba mai sauraron ƙararsa.

Mai karatu ya ɗauki misalin wani falke ɗan shekara hamsin, mai shanu arba'in. Asara ta same shi, ga rasuwar ɗa ta biyo baya. Ya daina barci, ya daina cin abinci, wani lokaci a ji shi yana magana shi kaɗai. Ƙannensa suka taru suka ce ya taɓu, suka kai shi wani gida aka sa masa mari, sa'an nan suka kora shanun zuwa kara suka sayar, wai don kada dukiya ta lalace. Bayan wata shida mutumin ya samu sauƙi ya dawo, ya tarar da turke babu ko maraƙi. To, wa ya ba ƙannen izinin ɗaure shi? Cinikin da suka yi ya ƙullu? In kuwa shi ne da kansa ya sallama bajimi a rabin kuɗinsa sa'ad da ciwon ya motsa, wanda ya saya ya ci halas? Amsar kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan tana rataye ne da ma'anar da doka ta ba wasu 'yan kalmomi, waɗanda jama'a suke amfani da su kullum ba tare da sun san inda doka ta ja musu iyaka ba.

Tsohuwar Doka

Fiye da shekara ɗari Nijeriya ta yi tana aiki da dokar da Turawan mulki suka kafa a 1916, wadda aka sake tsarawa a 1958, aka fi saninta da Dokar Mahaukata. Tun kafin ta, a 1907, an riga an buɗe gidan ajiye mahaukata a Yaba ta Ikko. Manufar zamanin ita ce a kau da mutum daga idon jama'a, a tsare shi, saboda haka ne ma aka riƙa ajiye marasa lafiya da yawa a kurkuku tare da masu laifi.

Abin da ya fi kome muni a wannan doka shi ne fassarar da ta yi wa kalmar mahaukaci. Cewa ta yi kalmar ta haɗa da wanda aka haifa da raunin fahimta, da kuma duk wani wanda hankalinsa ba daidai yake ba. Shi ke nan. Ba ta faɗi mene ne rashin daidaiton hankali ba, ba ta bambanta ciwo mai tsanani da mai sauƙi ba, ba ta kuma bambanta mai warkewa da mai ɗorewa ba. Takardar likita da umurnin majistare sun isa a tsare mutum, dokar kuwa ba ta damu da maganar magani ko haƙƙin wanda aka tsare ba.

Abin mamaki shi ne, harshen Hausa ya fi wannan doka tantancewa. Bahaushe ya san bambancin mahaukaci tuburan da mai taɓin hankali, ya san gaɓo, ya san zautacce, ya san mai gigin tsufa, ya san mai farfaɗiya, ya kuma san wanda shaye-shaye ya juya wa kai. Doka ce ta zuba su duka a kwando guda. Likitoci ma sun daɗe da wuce ta, domin tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a ƙauyukan kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti karɓar magani, babu sarƙa babu turu. Duniya ta yaba da wannan tsari, amma doka ta tsaya inda Bature ya bar ta. An kai ƙudurin gyara gaban Majalisar Tarayya a 2003, aka janye shi a 2009, aka sake kawo wani a 2013, duk bai kai gaci ba.

Sakamakon wannan jinkiri ya fito fili a 2019. A watan Satumba 'yan sanda suka fitar da mutane fiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka sake ganin irin haka a Daura. A watan Nuwamba ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto, bayan ta ziyarci wurare 28 a jihohi 8 da Abuja, inda ta nuna cewa ɗaure marasa lafiya da sarƙa bai tsaya ga gidajen mari da wuraren addu'a kaɗai ba, har da wasu cibiyoyin hukuma.

Sabuwar Doka

A watan Janairu na 2023 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda take ɗauke da shekarar 2021 a sunanta, Sanata Ibrahim Oloriegbe na Jihar Kwara kuwa shi ne ya jagoranci ƙudurinta a Majalisar Dattawa. Wannan doka ta soke ta 1958. Gyara na farko da ta yi, gyaran suna ne. Ta yar da kalmar mahaukaci, ta koma cewa mutum mai lalurar ƙwaƙwalwa, ta kuma ambaci masu raunin fahimta, da waɗanda ciwo ya naƙasa musu mu'amala da jama'a, da waɗanda tunaninsu ya raunana.

Wani zai ce ai sauya suna ba ya warkar da ciwo. Gaskiya ne, amma yana sauya matsayin mutum a gaban hukuma. A tsohuwar doka, da an kira mutum mahaukaci an gama da shi, abin da ya saura sai a nemi inda za a kulle shi. A sabuwar kuwa, mutum ne mai ciwo, kamar mai ciwon suga ko mai hawan jini, wanda haƙƙinsa yana nan a hannunsa har sai an kawo hujjar da za ta sa a taɓa wani abu daga ciki.

Kalma ta biyu ita ce yarda. Asalin ƙa'ida a sabuwar doka shi ne a yi wa mutum bayanin ciwonsa da maganin da za a ba shi, ya fahimta, sa'an nan ya amince. Yana da damar a yi shawara da shi wajen tsara maganinsa, yana kuma da damar naɗa wakilin da zai tsaya masa. Kalma ta uku ita ce kwantarwa ba da yardar mutum ba. Dokar ba ta hana wannan ɗungum ba, amma ta ɗaure shi da sharuɗɗa, watau sai ana tsoron mutum zai cuci kansa ko waninsa nan kusa, ko kuwa ciwon ya yi tsananin da in an bar shi zai ƙara lalacewa. Likita ne kuma zai duba ya tabbatar, a wurin da hukuma ta sani. Dokar ta hana ɗaure marar lafiya da sarƙa, ta kafa kwamitin da zai duba koken wanda yake ganin an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, ta yi umurni a buɗe sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusu na musamman domin wannan aiki.

Ko da ba a je ga sabuwar doka ba, Tsarin Mulki na 1999 ya riga ya yi magana. Sashe na 35 ya yarda a tsare wanda hankalinsa ya gushe domin a kula da shi, ko a yi masa magani, ko a kare jama'a, amma sai ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Sashe na 34 kuma ya hana azabtar da kowa ko wulaƙanta shi. Ke nan shawarar 'yan'uwa a zaure ba ta isa ta zama izinin sa wa baligi mari ba, kome kyawun niyyarsu.

Abin Da Alƙali Yake Tambaya

A nan ne mafi yawan jama'a suke kuskure. Ana zaton da zarar an ga mutum da katin asibitin ƙwaƙwalwa, to, maganarsa ta faɗi a ko'ina. Alƙali kuwa ba ya tsayawa ga sunan ciwo. Abin da yake bincike shi ne, a daidai lokacin da abin ya faru, a kan wannan al'amari da ake shari'a, mutumin ya san abin da yake yi ko bai sani ba?

A ɗauki shari'ar laifi. Dokar Final Kod, wadda aka fara aiki da ita a Jihar Arewa a 1960, jihohi kuma suka gada, ta faɗa a sashe na 51 cewa ba a kama mutum da laifi in a lokacin da ya aikata abin, gushewar hankali ta hana shi sanin haƙiƙanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. Wannan ƙa'ida ta biyo ta dokokin Sudan da Indiya, tushenta kuwa shari'ar Daniel M'Naghten ce da aka yi a Ingila a 1843. Saboda haka mai lalurar da ya kwance saniyar wani da dare, ya ɓoye ta, ya sauya mata alama, ba zai tsira don kawai ya taɓa kwanciya a asibiti ba, domin ɓoyewar da ya yi tana nuna ya san abin da yake yi.

A ɗauki ba da shaida. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 175, ta ce mai raunin hankali yana iya ba da shaida muddin yana fahimtar tambaya yana kuma ba da amsa mai ma'ana. Ashe ke nan wanda aka yi ciniki a gabansa a kara, ba a kore shaidarsa don ana ce masa taɓaɓɓe. Haka nan a siyasa: sashe na 182 na Tsarin Mulki ya hana mutum takarar gwamna ne in an yanke, bisa wata doka, cewa hankalinsa ya gushe. Jita-jitar 'yan hamayya ba hukunci ba ce.

A ɗauki ciniki, wanda shi ne ya fi shafar Potiskum. Ƙa'idar da kotunan ƙasar nan suka gada daga Ingila, wadda aka tabbatar a wata shari'a ta 1892, ita ce wanda yake son a warware ciniki saboda gushewar hankali sai ya nuna abu biyu: cewa a lokacin bai fahimci abin da yake ƙullawa ba, da kuma cewa abokin cinikin ya san halin da yake ciki. Falken da ya zo daga nesa ya saya da zuciya ɗaya yana da kariya. Dillalin da ya yi shekara ashirin da sanin mai dabba, ya ga sarai ba ya cikin hayyacinsa, ya yi shiru don la'ada, shi ba shi da ita.

Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Shari'a na Jihar Yobe da sauran jihohin Arewa suke hukunci da shi, sun daɗe da tsefe wannan magana. Sun raba majanuni, wanda hankalinsa ya gushe, da safihi, watau wanda yake da hankali amma ba ya iya tattalin dukiya. Sun raba haukan da ya rufe mutum ba yankewa da wanda yake zuwa yana tafiya, suka ce abin da mutum ya ƙulla sa'ad da ya farfaɗo yana nan daram. Sharaɗin ƙulluwar ciniki a wurinsu shi ne mai yi ya zama yana rarrabewa, saboda haka cinikin wanda hankalinsa ya gushe bai ƙullu ba, kamar yadda sakin da ya yi wa matarsa bai auku ba. Hana mutum taɓa dukiyarsa, wanda suke kira hajru, yana da babi sukutum a Muhtasar na Shehu Halil, hanin kuwa yana ƙarewa ne da zarar majanuni ya warke. Game da safihin da ba shi da mai kula da shi, an ruwaito cewa Imamu Malik yana ganin cinikinsa yana zartuwa har sai alƙali ya hana shi, almajirinsa Ibnul Ƙasim kuma yana ganin ba ya zartuwa tun da wautar ta tabbata.

Muhimmin abu shi ne wanda aka ba riƙon dukiyar. A Malikiyya uba ne, sai wasiyyin da uba ya naɗa, sai alƙali. Wa, ko ƙane, ko baffa, ba ya zama waliyyin dukiya don kusanci kawai. In kuma ciwon ya sami mutum ne bayan ya balaga ya mallaki hankalin kansa, to, maganar tana hannun alƙali, shi ne zai naɗa wanda zai riƙa, wanda aka naɗa kuma ba ya sayarwa sai don amfanin mai dukiya. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana a danƙa wa safihai dukiya, ita ce kuma ta yi umurni a ciyar da su, a tufatar da su daga cikinta, a yi musu magana mai daɗi.

In aka koma ga falken nan mai shanu arba'in, amsa ta fito. Marin da aka sa masa ya saɓa wa doka. Shanun da ƙannensa suka sayar ba tare da umurnin alƙali ba, sun sayar da abin da ba nasu ba ne, yana da damar ya kai ƙara. Bajimin da shi ya sallama da kansa kuwa, sai an binciki halin da yake ciki a wannan rana, da abin da mai saye da dillali suka sani.

Sauran Aiki

Potiskum ta fi garuruwa da yawa bukatar a fahimci wannan bambanci. Ran Laraba 2 ga Mayu 2012 'yan bindiga suka auka wa wannan kasuwa ta shanu, suka kashe mutane fiye da 30, dabbobi da yawa suka ƙone. Ran 10 ga Nuwamba 2014 bom ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya da fasaha ta garin, ɗalibai fiye da 40 suka rasu. Wanda ya ga irin wannan da idonsa, yana yiwuwa ya shekara yana firgita cikin barci, ko ya zabura in tayar mota ta fashe. A bakin kasuwa sai a ce ya zautu. A wurin likita kuwa ciwo ne sananne mai magani, wanda ba ya hana mutum sanin kuɗin saniyarsa, balle ya zama dalilin karɓe masa ita.

Sai dai doka a takarda daban, doka a ƙasa daban. Sharaɗin cewa likita ne zai duba yana da wuyar cikawa a ƙasar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha kukan cewa membobinta ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Daga Potiskum zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri tafiyar fiye da kilomita 200 ce, gidan mari kuwa yana bayan gari. Talakan da ya rasa kuɗin mota, ga ɗan'uwa yana fisge-fisge, ba a yi masa adalci ba in aka hana shi sarƙa ba a ba shi likita ba.

Har ila yau, a tsarin Nijeriya yawancin asibitoci da kotunan da talaka yake zuwa na jiha ne. Jihar Legas ta yi tata dokar tun kafin ta Tarayya ta fito. Wajibi ne a kan kowace majalisar jiha, har da ta Damaturu, ta tabbatar cewa dokokin da majistare da alƙali suke buɗewa sun dace da sabuwar fassara, an kuma ware kuɗin horar da ma'aikatan jinya a manyan asibitoci, yadda za a iya duba mutum a garinsu. Wajibi ne kuma a fassara waɗannan kalmomi da Hausa da Kanuri da Fulatanci da sauran harsunan jihar, a karanta su a rediyo, domin dokar da mai ita bai ji ba, dokin mai baki ne zai riƙa tsere mata.

Shugabannin kara da dillalai su ma suna da nasu rabo, wanda ba ya bukatar jiran majalisa. Duk wanda ya koro garken da aka san na wani ne, ya ce mai shi ba shi da lafiya, a tambaye shi takardar alƙalin da ya naɗa shi. Duk mai dabbar da aka ga alamar ba ya cikin hayyacinsa, a dakatar da cinikin, a kira nasa, kada a ce kasuwa ta yi daɗi. Wanda kuma ya sha magani ya warke ya dawo, a karɓi tayinsa kamar na kowa. Lafiya aro ce, dillalin da ya yi shiru yau aka kora shanun maƙwabcinsa, bai san ranar da za a tsaya a bakin nasa turken ana cewa ya taɓu ba.